Bencin Bakin Taga

Shekara talatin da uku ta yi tana koyar da 'yan aji ɗaya, a makaranta ɗaya, kusan a ɗaki ɗaya, in ban da shekarar da iska ta yaye rufin aka mayar da su baranda. Abokan aikinta sun laƙaba mata Malama Lallaɓa, sunan kuma ya bi ta har ya danne na yanka. Sun sa mata shi ne saboda wata doka da ta kafa wa kanta tun ranar da ta fara riƙe alli, cewa ba za ta taɓa tayar da yaron da bai ɗaga hannu ba. Yaro zai iya yin wata uku a ajinta bai ce uffan ba, ba za ta nuna shi da yatsa ba, ba za ta kira sunansa a gaban sauran ba. In wani malami ya ce tana ɓata yara, sai ta dube shi sama da ƙasa ta ce ya je ya ƙirga 'yan ajinsa da ke kuka a bakin ƙofa kowace safiya, sannan ya dawo su yi magana. A wannan batu ba ta da lallaɓa ko kaɗan, har hedimasta yana kiyaye ta.

Dokar tana da asali. Tana yarinya in'ina gare ta, irin wadda harafi zai tsaya a maƙogwaro ya yi kane-kane, idanu su firfito, ƙafa ta yi ta bubbuga ƙasa, magana ta ce ba inda za ta. A gida ba wanda ya damu. Mahaifinta tela ne, yana taka keke yana jira har ta gama, mahaifiyarta kuwa ƙarasa mata zancen take yi, ko daidai ko ba daidai ba. Amma malaminsu na aji ɗaya, wani dogo mai yawo da rula a aljihun baya, ya ɗauki in'ina a matsayin lalaci. Wata ranar Talata ya ɗora ta kan benci ya ce sai ta karanta layin da ke allo. Layin nan ta san shi kamar sunanta. Ta buɗe baki, harafin farko ya maƙale. Yara suka fara ƙunshe dariya, daga baya suka sake ta gaba ɗaya, shi kuma yana buga rula a tebur yana ƙirga mata. Ba ta san lokacin da fitsari ya kufce mata ba, sai da ta ji ɗuminsa ya gangara cikin takalmi.

Yayarta, da ke aji biyar, ita aka kira. Ta cire ɗankwalinta ta ɗaura mata a ƙugu, ta riƙe hannunta har gida. Mako biyu yarinyar ta yi tana ƙaryar ciwon ciki. A cikin makonnin nan ne Yaya ta gano wani abu. Sukan shige ƙarƙashin teburin yanka na mahaifinsu, cikin ƙyallaye, da littafin karatu. In Yaya ta ce ta karanta ita kaɗai, sai harshe ya ɗaure. In kuwa suka haɗa murya suka karanta tare, sai maganar ta zubo sumul, ko gargada babu. Haka ta koyi karatu, muryarta a laɓe cikin ta Yaya. In'inar ta yi sauƙi da ta girma, ba ta dawowa sai in ranta ya ɓaci ƙwarai. Amma bencin nan da ɗumin nan a takalmi ba su bar ta ba, da su ta shiga kwalejin horar da malamai, da su ta fito.

Saboda haka ajinta ajin haɗa baki ne. Ta rubuta a allo, ta faɗa, yara arba'in da shida su amsa lokaci ɗaya har a jiyo su daga titi. Ɗakin ba shi da wani abin kallo: benci goma sha shida, allon da fentinsa ya koɗe a tsakiya, ƙusoshi jere a bango don rataye jakunkuna, bokitin ruwa da kofi a kusurwa, sai kabad mai ƙofa ɗaya. Taga biyu ne, ɗaya na kallon filin wasa, ɗaya na kallon titin da masu walda ke aiki. Bencin da ke jikin ta biyun yana can baya, kabad ya ɗan kare shi daga idon mai tsayuwa a gaba. Nan ne da ma take fata a ajiye ta tana yarinya, don haka kowace shekara takan ba da shi ga wanda ya fi kowa kunya. A wajenta babbar kyauta ce.

Kuma gaskiya dabarar tana ci. Akwai yaron da ya yi sati uku a ƙarƙashin benci yana leƙen ƙafafun mutane, yau shi ne ke sanarwa da lasifika a tashar mota, ba a iya sa shi ya yi shiru. Akwai yarinyar da ba ta ɗaga hannu ba sai a zango na uku, da ta ɗaga kuwa ba ta sake saukewa ba har ta zama lauya. Iyaye sukan bi hedimasta har gida su roƙi a sa 'ya'yansu a ajin Malama Lallaɓa. Wannan yabo ya shiga kanta, ba sai an ɓoye ba. Ta kai ga ganin cewa duk yaron da ya yi shiru ta san abin da ke damunsa tun bai faɗa ba, domin ai ita ma ta yi.

A shekararta ta tara wata tsohuwa ta kawo jikarta, 'yar siririya mai manyan idanu. Uwar yarinyar ta rasu, uban yana aikin gini a wasu garuruwa, sai ya yi watanni bai leƙo ba. Malama ta tambayi yarinyar sunanta. Yarinyar ta zuba wa bakinta ido, ta yi murmushi, ba ta amsa ba. Nan take Malama ta ji ta kwanta mata a rai. Ta kama hannunta ta kai ta bencin bakin taga, ta zaunar da ita can ƙurya, jikin bango. Kafin sati ya zagayo yara sun sa mata 'Yar Taga.

Malama ba ta taɓa samun ɗaliba mai rubutu irin nata ba. Duk abin da Malama ta sa a allo sai ya bayyana a littafin yarinyar kamar an buga, har da wata 'yar lanƙwasa da Malama ke yi a wutsiyar wasu haruffa, wadda ita kanta ba ta san tana yi ba sai da ta gani a hannun yarinyar. Lokacin haɗa baki kuwa, leɓunanta na motsi daidai da na kowa. Ba ta faɗa, ba ta kai ƙara, ba ta neman izinin fita. Malama takan ɗaga littafinta ta nuna wa aji ba tare da ta ambaci mai shi ba, don kada ta kunyata ta.

Wata rana bayan an tashi, tana goge allo, ta ji an ja gefen zanenta. 'Yar Taga ce. Wannan ne karo na farko da ta ji muryarta ita kaɗai, murya ce mai ɗan kauri, tana fita da ƙarfi fiye da yadda ake bukata.

"Malama, me ya sa in kin juya baya ba kya magana?"

Malama ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta shafa kanta ta ce, "Ina yi mana, 'yata. Ke dai kina can kina kallon masu walda." Ta ba ta guntun alli mai launi ta sallame ta. Washegari ta ba da labarin a ɗakin malamai, aka yi ta dariya, malamar aji huɗu ta ce yaran yanzu sai a bar su.

Ba a yi wata ba tsohuwar ta zo da kanta. Ta tsaya a bakin ƙofa tana ta gyara mayafi, ta ƙi shigowa, kamar yadda waɗanda ba su yi makaranta ba kan ji nauyin ɗakin karatu.

"Malama, wata 'yar magana ce ta kawo ni. Yarinyar nan, tun da ta yi zazzaɓin nan bara, in na kira ta daga baya ba ta waiwayowa. Kunnenta na dama kuma yakan yi ruwa, ina dai goge mata. Na ce bari in tambaye ku, ku da kuka yi ilimi."

"Iya, ki kwantar da hankalinki," in ji Malama. "Kunya ce. Ni da kike gani haka nake ina ƙarama, a kira ni sau biyar in yi kamar ba da ni ake ba. Kada ku matsa mata, da kanta za ta ware. Dubi rubutunta, duk ajin nan ba mai kama ƙafarta."

Tsohuwar ta dubi littafin a juye, ta gyaɗa kai. "To, tunda kin ce haka. Allah ya saka da alheri."

Da yamma Malama ta ba maigidanta labari, tana nuna yadda ta kwantar wa tsohuwa da hankali. Shi mai gyaran agogo ne, mutum mai ƙarancin magana da yawan zolaya. Yana ta ƙoƙarin zura wani ɗan ƙaramin noti, bai ko ɗago ba ya ce, "Ni dai in aka kawo min agogo ya yi shiru, ba lallashinsa nake ba, buɗe shi nake in duba."

"Yaran mutane ne agogo?"

"A'a, ranki ya daɗe. Na yi shiru."

Ta yi fushi da shi har washegari, ta ajiye masa shayi ba sukari.

A ƙarshen shekara ta rubuta wa 'Yar Taga a takardar sakamako cewa yarinya ce mai natsuwa da kyakkyawan rubutu, ta wuce aji biyu. Jarrabawar ita ta tsara ta, kwafe daga allo ne da karatun haɗa baki, benci-benci. Babu inda aka bukaci yaro ya tsaya shi kaɗai.

Malamin aji biyu sabon ɗauka ne, saurayi mai zafin aiki. A satinsa na biyu ya same ta a baranda, ya gaishe ta da ladabi, ya ce akwai yarinya daga ajinta da ba ta san harafi ko ɗaya da sautinsa ba. Zana su take yi kawai. Ya nuna mata kalma ya ce ta karanta, ta yi masa murmushi.

"Tayar da ita ka yi a gaban aji?"

"E, Malama, kamar kowa."

Nan ta rufe shi da faɗa. Ta ce ya tsorata 'yar mutane sannan ya zo yana ɗora mata jahilci. Ta ce ta shekara tara tana wannan aiki, ta fara shi tun shi yana gajeren wando. In'inar ma ta taso mata a tsakiyar faɗan, abin da ya ƙara tunzura ta. Ta ce ya mayar da yarinyar bakin taga, ya ƙyale ta ta sha iska. Yaron ya ba ta haƙuri. Wa zai ja da Malama Lallaɓa a kan yaro mai kunya? Ya yi yadda ta ce, shekara ta biyu ta tafi.

Sai a aji uku gaskiya ta fito, kuma ba malami ne ya fito da ita ba. Ma'aikatan lafiya ne suka zo duba yara, wata nas ta tsaya bayan kowane yaro tana kiran lambobi a hankali, shi kuma yana maimaitawa. Da aka zo kan 'Yar Taga, nas ta kira lamba uku, ta ƙara murya, ta ƙara, yarinyar na tsaye tana kallon bango. Aka tura ta asibiti. Likita ya ce kunnen dama ya riga ya tafi, na hagu yana ji sama-sama. Ya ce da an kawo ta tun kunnen na ruwa, da an ceci wani abu. Malama na jin haka ta koma ajinta, ta je ta zauna a ƙuryar bencin bakin taga, gwiwoyinta na tokarar na gaba. Mai zama a wurin, kunnensa na dama ne ke fuskantar aji. Na hagu yana jikin taga, yana sauraron masu walda.

Ta daɗe a zaune. Tambayar yarinyar ta dawo mata, da dariyar da ta yi, da dariyar ɗakin malamai. Kunya ta kama ta irin wadda ba ta ji ba tun ranar bencin nan, sai dai wannan karon ba wanda ya ɗora ta, ita ta hau da ƙafarta.

An dawo da yarinyar bencin gaba, amma an makara. Tana 'yar shekara tara ana fara mata haruffa, 'yan ajinsu na littafi na uku. Yara kuma ba su da dama, suka canza mata suna zuwa wani mara daɗi. Ta fara fashi. A aji huɗu ta daina zuwa gaba ɗaya. Malama ta yi ta ɗage zuwa gidansu, yau gobe, har sai da maigidanta ya ce zai raka ta. Ta je ita kaɗai. Gida ne na haya mai ɗakuna jere, ta tarar da tsohuwar tana ɗaure kaya, uban ya zo zai kwashe su zuwa inda yake aiki. Yarinyar tana can wajen maƙwabta. Tsohuwar ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, suka gaisa har sau uku. Malama ta shirya magana tun daga gida, amma harafin farko ya tsaya mata a wuya.

Tsohuwar ce ta ce, "Ai na zo na gaya miki, Malama." Ba da faɗa ta faɗa ba, tana ninke zane ne. Malama ta sha ruwan, ta yi musu fatan sauka lafiya, ta fito da maganarta a ciki.

Daga shekarar nan aikinta ya sauya, ko da yake mutane da yawa ba su lura ba. Har yanzu ba ta tayar da yaro a gaban aji. Amma ta ajiye wata 'yar kujera a gefen teburinta, kullum yayin da sauran ke rubutu sai ta yafito yara biyar ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karanta mata layi a hankali, daga shi sai ita. Ta karɓi wani tsohon agogon aljihu a shagon maigidanta, a satin farko na kowace shekara ta bi yara tana kanga musu shi a bayan kunne, dama da hagu, suna ganin wasa ne. Ya ba ta agogon bai yi zolaya ba, abin da ya fi zolayar ciwo. Ta daina magana tana fuskantar allo. Bencin bakin taga kuwa ta jibge shi da tsofaffin littattafai. A cikin shekaru ashirin da ɗoriya agogon ya kama yara bakwai masu matsalar ji. Ta san adadinsu, amma ba su rage mata nauyin ɗayar nan ba. Yaya kaɗai ta taɓa faɗa wa dukan labarin, Yaya kuma ta ce ta yi da kyakkyawar niyya. Wannan ta riga ta sani, shi ne ma abin da ke damunta.

Shekarar da za ta yi ritaya, maigidan ya riga ya rasu, gwiwoyi sun fara gardama. Ranar ɗaukar sababbin ɗalibai tana zaune da rajista da tulin fom, iyaye sun yi layi har baranda. Can wajen ƙarshe wata mata ta matso da 'yar yarinya da ta cusa fuska cikin mayafin uwar. Matar ta miƙo fom ɗin ba a cike ba.

"Malama, ki taimaka ki cike min, na manta tabarau."

Malama ta saba jin wannan, ba ta taɓa nuna ta gane ba. Ta cike, kanta a sunkuye tana tambaya, matar na amsa wasu tana tsallake wasu. Ta juya mata takardar ta nuna inda za ta sa hannu. Matar ta riƙe biro da kyau, ta zana sunanta a hankali, harafi bayan harafi, tsaf kamar bugun inji. A wutsiyar na ƙarshe ta yi 'yar lanƙwasa.

Malama ta ɗago. Manyan idanun nan ne, kuma bakinta suke kallo.

"Kin gane ni, ko? Na ce wa maigidana sai kin gane ni." Muryar na nan da kaurinta da ƙarfinta. "Bara muka dawo. Ina aiki a shagon ɗinki, ni ke saƙa sunaye a rigunan makaranta da na 'yan ƙwallo. A rubuto min a takarda kawai, in fitar da shi fes. Hannunki ne, Malama, kowa sai ya tambayi inda na koya."

"Karatun fa, 'yata?"

Ta yi 'yar dariya ta kalli layin da ke bayanta, ta rage murya iya yadda take iyawa. "Ina ɗan haɗa wasu. Babban ɗana ke karanta min saƙo." Ta jawo yarinyar gaba. "Wannan ce auta. Kunya kamar me, ni ta biyo. Da na ji kina nan na ce ba inda za ta sai ajinki. Duk makarantar nan ke kaɗai ce ba ki taɓa tozarta ni ba. Don Allah ki sa min ita a bencina, bakin taga, ki ƙyale ta kamar yadda kika ƙyale ni."

Da zagi ta yi da ya fi sauƙi. Malama ta roƙi malamar aji biyu ta karɓi sauran layin, ta ja matar zuwa cikin aji. Suka tsaya kusa da kabad. Ta sunkuyar da kai, ta zuba wa ƙasa ido, ta fara. In'inar da ta yi shekaru ba ta leƙo ba ta zo da ƙarfinta, amma ta daure ta tura maganar. Ta faɗi zuwan kakarta da abin da ta ce game da kunnen. Ta faɗi amsar da ta ba ta. Ta faɗi malamin aji biyu da yadda ta rufe masa baki, da abin da likita ya ce, da kunnen da ta juya wa taga. Ta ce ba ita ta gani ba a shekarun nan, kanta ta gani. Da ta kai ƙarshe gumi ya jiƙa mata wuya, ta ji kamar ta sauke buhu.

"Malama," in ji matar, "ki ɗago. In ba na ganin bakinki ba na ji."

Sai ta ɗago. Ta juya inda haske ke faɗa mata a fuska, ta sake faɗa tun daga farko, ido cikin ido, kalma bayan kalma, tana kallon yadda kowace ke isa. Karo na biyun ya fi tsawo, ba kuma inda za ta ɓuya. Murmushin matar ya yi ta raguwa har ya ƙare.

Matar ta shiga murza gefen mayafi. Auta ta saki uwar ta tafi tana taɓa ƙusoshin bango.

"Kaka ta faɗa min kafin ta rasu," matar ta ce. "Na ce mata ba haka ba ne. Har faɗa muka yi a kanki."

"Gaskiyarta ne."

"To. Allah ya yafe mana gaba ɗaya."

"Ina da sauran shekara guda a nan, bayan nan kuma zaman gida zan yi. Ki riƙa zuwa da yamma in koya miki karatu, ko sau biyu a mako. Wata shida ya ishe mu, da hannun nan naki."

Matar ta girgiza kai a hankali. "Yara huɗu, ga shago, ga surukata a kwance. Da yamma ne aiki ya fi yawa. Wannan ya wuce, Malama."

Ta je ta kamo hannun auta. Ta dubi bencin bakin taga da littattafan da ke jibge a kai, ta daɗe tana kallo. Sannan ta kai yarinyar bencin farko, daidai gaban tebur, ta zaunar da ita a tsakiya, ta gyara mata wuyan riga. Yarinyar ta fara taɓe baki.

"Ki riƙa tambayarta," ta ce. "Ko ta yi kuka."

Ta yi sallama ta fita. Malama ta tsaya riƙe da fom ɗin, sai ta tuna matar ba ta ce ta yafe mata ita kanta ba, kuma ita ma ba ta roƙa da baki ba. Ta bi ta da sauri iya yadda gwiwoyi suka yarda, ta tsaya a bakin ƙofa. Matar ta kai tsakiyar fili, tana tafiya ba sauri ba nawa. Malama ta kira sunanta. Ta sake kira da ƙarfi, har iyayen da ke layi suka waiwayo. Matar ba ta juyo ba, ta fice ta ƙofar makaranta ta bi titin masu walda.

Malama ta koma ciki. Auta na zaune inda aka ajiye ta, hawaye shaɓe-shaɓe, ba ta yin sauti. Malama ta jawo 'yar kujerar nan kusa da ita, ta zauna da ƙyar, ta ciro agogon daga jaka.